Funtuwa da Malumfashi: Tsadar shan magani kafin a san sunan ƙwayar cuta

A kudancin Jihar Katsina cututtuka ma suna da lokacinsu, kamar yadda shuka da girbi suke da nasu. Daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara ana zaman ɗar-ɗar saboda sanƙarau. Idan damina ta yi nisa, ruwa ya cika kududdufai ya gangara cikin rijiyoyi, sai amai da gudawa su kunno kai. Tun daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo ya dawo cikin lissafi. Zazzaɓin da jama'a ke kira taifot shi kam ba ya hutu duk tsawon shekara.

Waɗannan cututtuka huɗu suna da abu ɗaya da ya haɗa su. Kowaccensu ƙwayar bakteriya ce ke haddasa ta, kowace ƙwaya tana da sunanta, kuma akwai hanyar da ɗakin gwaji yake bi ya gano ta, ya faɗi maganin da zai kashe ta. Abin da ya kamata ya dami mai kasuwa a Funtuwa da ma'aikacin gwamnati a Malumfashi shi ne yawan marasa lafiyar da ake yi wa magani ba tare da an bi wannan hanya ba, da kuma asarar rai da ta dukiya da hakan ke jawowa.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 2021 Najeriya ta ga annobar kwalara mafi muni cikin shekaru masu yawa. Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙidaya sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,600 kuma suka rasu. Katsina na cikin jihohin da abin ya shafa, Funtuwa kuma na cikin ƙananan hukumomin da suka fi jin jiki a jihar.

Kafin nan, tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017, sanƙarau ya kama sama da mutum 14,000 ya kashe fiye da 1,100, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Waɗanda aka gwada ruwan ƙashin bayansu a ɗakin gwaji ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Labarin mashaƙo ma haka yake. Zuwa farkon 2025 an lissafa sama da mutum 25,000 a matsayin waɗanda suka kamu a faɗin ƙasa, akasarinsu a Kano, sai jihohi irin su Yobe da Katsina da Bauchi da Borno. Waɗanda ɗakin gwaji ya tabbatar da ƙwayar a jikinsu 'yan ɗaruruwa ne kawai. Sauran an ƙidaya su ne bisa alamomin da likita ya gani ko kuma cuɗanyarsu da wanda ya kamu.

Matsalar ta wuce Najeriya. Wani bincike da aka fitar a 2022 tare da haɗin gwiwar Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Afirka ya duba ɗakunan gwaji kimanin 50,000 a ƙasashe 14, har da Najeriya, ya gano cewa kashi 1.3 cikin 100 ne kaɗai suke aikin gano bakteriya. Ɗakunan gwaji suna da yawa a bakin tituna, amma mafi yawansu aikinsu bai wuce gwajin maleriya da sukari da ciki da auna yawan jini ba.

Yadda ake gane ƙwaya

Bakteriya halitta ce mai rai wadda girmanta bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba. Ta bambanta da bairos, irin mai haddasa mura ko ƙyanda, wanda maganin antibayotik ba ya yi masa komai. Ta kuma bambanta da ƙwayar maleriya da sauro ke ɗaukowa. Sai dai dukkansu suna iya zuwa da zazzaɓi da ciwon kai da kasala, shi ya sa idon likita kaɗai, komai ƙwarewarsa, ba ya wadatarwa kullum.

Aikin gano bakteriya yana da matakai huɗu. Na farko shi ne rini. Ana shafa ɗan abin da aka ɗebo daga jikin majinyaci a kan gilashi, a zuba masa rini kala biyu ɗaya bayan ɗaya, a duba da madubin da ke ƙara girman abu sau dubu. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya ƙirƙiro wannan dabara a 1884, kuma har gobe da ita ake farawa. Wasu ƙwayoyin sukan riƙe launin shuɗi mai duhu, wasu su koma ja-ja, gwargwadon yadda bangon jikinsu yake. Idan aka duba ruwan ƙashin bayan yaron da wuyansa ya sanƙare aka ga ƙwayoyi ja-ja bibbiyu masu siffar wake, an san ƙwayar sanƙarau mai haddasa annoba ce, Neisseria meningitidis. Idan kuwa masu duhu ne bibbiyu, wata ƙwayar ce daban, wadda ta fi shahara da haddasa ciwon huhu. Aikin ba ya kai rabin sa'a.

Mataki na biyu shi ne reno, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira kalca. Manomi zai fi kowa saurin fahimtarsa, domin shuka ce. Ana yaɗa samfurin a kan faranti mai ɗauke da abincin ƙwayar, a sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, wato digiri 35 zuwa 37, a bar shi ya kwana. Wasu ƙwayoyin suna rabuwa biyu duk bayan minti 20 ko 30, don haka kafin gari ya waye ƙwaya ɗaya ta zama tsibi da ido ke iya gani. Kowace ƙwaya da irin farantin da ke fallasa ta: ta kwalara takan fito rawaya a kan wani koren faranti da aka tanada dominta, ta mashaƙo kuma takan fito baƙa a kan nata.

Mataki na uku shi ne tantancewa, inda ake duba irin sukarin da ƙwayar ke iya ci da sauran halayenta, a kuma gano rukuninta. A batun mashaƙo ana ƙarawa da gwajin da ke nuna ko ƙwayar tana fitar da dafi, domin dafin ne ke lalata zuciya da jijiyoyi.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi shafar aljihun majinyaci. Ana shimfiɗa ƙwayar a kan sabon faranti, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Washegari, duk maganin da ke aiki za a ga fili ya kewaye takardarsa inda ƙwayar ta kasa tsirowa. Wanda ƙwayar ta tsiro har gindinsa, kuɗin da za a kashe a kansa asara ce. Dukkan aikin yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku ga fitsari ko bayan gida ko mugunya, na jini kuma yana iya kai kwana biyar ko fiye.

An taɓa yi a Malumfashi

Masu cewa irin wannan aiki ya fi ƙarfin karkara suna mantawa da tarihin wannan yanki. A shekarun 1970, tun ba a ƙirƙiri Jihar Katsina ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool da ke Ingila sun gudanar da wani dogon bincike kan cututtukan da suka zauna daram a ƙasar Malumfashi. An yi nazarin tsargiya da maleriya da saran maciji, an kuma yi na sanƙarau.

A daidai wannan lokaci Brian Greenwood da Hilton Whittle suna aiki a asibitin koyarwa na Zariya, inda a farkon shekarun 1970 suka nuna hanyar gano ƙwayar sanƙarau da rukuninta cikin hanzari daga ruwan ƙashin baya. Tare da abokan aikinsu sun riƙa ɗibar samfur daga maƙogwaron mutane masu ƙoshin lafiya a yankin Malumfashi suna renonsa, aka buga sakamakon a 1982. Aikin ya buƙaci bambance ƙwayar sanƙarau da wata 'yar uwarta marar illa, Neisseria lactamica, wadda a madubi kamarsu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne ɗaya tana iya cin sukarin madara, ɗayar ba ta iyawa. Irin waɗannan bincike ne suka ƙarfafa fahimtar da ake da ita a yau, cewa ƙwayar tana zaune a maƙogwaron mutane duk shekara, zafi da ƙura da bushewar iska na rani ne suke buɗe mata ƙofar shiga jini.

Amfanin sanin rukunin ƙwaya ya fito fili a 2017. Tun daga 2011 aka fara yi wa miliyoyin yara da matasa a Arewa allurar MenAfriVac, wadda ta kusan kawar da rukunin A, wanda shi ya haddasa babbar annobar 1996. Annobar 2017 kuwa rukunin C ne, kuma waccan allura ba ta kare mutum daga shi. Sai da ɗakin gwaji ya tabbatar da rukunin kafin a iya neman allurar da ta dace daga rumbun ajiya na duniya, kuma an ɗauki makonni tsakanin ɓullar cutar a Zamfara da wannan tabbaci. Kowane mako na jinkiri ya ci rayuka. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga rukunoni biyar, A da C da W da Y da X. Duk da haka bukatar gwaji tana nan, domin da shi ne za a san ko allurar tana aiki, ko kuma wata ƙwayar ce ta daban ke kwantar da yara.

Batun “taifot da maleriya”

Annoba takan zo ta wuce. Asarar yau da kullum tana wajen zazzaɓi. Da wuya a samu gida a Funtuwa ko Bakori ko Ƙafur da ba a taɓa kawo takardar gwaji mai cewa “taifot da maleriya” ba. Gwajin da aka fi dogara da shi wajen cewa mutum na da taifot shi ne na Widal, wanda wani likitan Faransa, Georges-Fernand Widal, ya fito da shi a 1896. Wannan gwaji ba ya ganin ƙwayar kanta. Sinadaran garkuwar jiki yake aunawa, kuma wanda ya taso a inda ruwan sha ba shi da tsabta yana iya ɗauke da su shekara da shekaru yana cikin ƙoshin lafiya. Maleriya da wasu cututtukan ma suna iya sa gwajin ya nuna akwai taifot alhali babu. Asalin ƙa'idarsa ita ce a ɗebi jini sau biyu, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a kwatanta. Kusan babu mai yin haka.

Illar ta kasu biyu. Wanda ba shi da taifot yakan sayi allurai da ƙwayoyi na dubban nairori a banza, ainihin abin da ke damunsa kuma yana nan yana cin sa. Wanda yake da ita da gaske, idan aka ba shi maganin da ƙwayar ta riga ta saba da shi, yana iya kaiwa mako na uku inda hanji ke hujewa, sai tiyata, wani lokaci sai rasa rai. Taifot ta gaskiya tana nan: binciken da Farfesa Stephen Obaro da abokan aikinsa suka yi a Abuja da Kano tsakanin 2008 da 2015, inda suka rena jinin dubban yara masu zazzaɓi, ya nuna dangin Salmonella, wanda ƙwayar taifot ke cikinsa, yana sahun gaba cikin ƙwayoyin da aka samu. Renon jini shi ne hanyar tabbatarwa, ko da yake shi ma yakan kama ƙwayar ne a wajen kusan rabi ko ɗan fiye na masu cutar, kuma wannan rabon yana raguwa sosai idan majinyaci ya riga ya sha antibayotik.

A nan ne al'adar fara zuwa kemis take yin ɓarna sau biyu. Kafson da aka saya guda huɗu ko shida ba ya kashe ƙwayar duka, amma yana isa ya hana ta tsirowa a faranti, sai sakamako ya fito babu komai. Ƙwayoyin da suka tsira kuma su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa. A yankin noma da kiwo kamar wannan, akwai ƙarin hanya: magungunan da ake zuba wa kaji a ruwan sha da waɗanda ake yi wa shanu allura dangi ɗaya ne da na mutane, kuma kashin dabbobin taki ne da ke komawa gona.

Mujallar likitanci ta Lancet ta buga ƙiyasi a 2022 cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A Pakistan, tun 2016 aka samu nau'in taifot da kusan duk magungunan sha da aka saba da su suka daina yi wa aiki. An gano shi ne saboda akwai ɗakunan gwaji da ke rena jini. Inda ba a reno, irin wannan nau'i zai iya yaɗuwa shekaru ana cewa ajali ne ko kuma jabun magani.

Hujjar masu cewa ba zai yiwu ba

Akwai masu ganin wannan magana ta masu hali ce, kuma hujjojinsu suna da nauyi. Yaron da aka kawo wuyansa a sanƙare ba zai jira kwana uku ba, kuma babu likitan kirki da zai sa shi jira. Ƙa'ida ita ce a ɗebi samfur, a fara magani nan take da abin da aka fi zaton zai yi aiki, a gyara idan sakamako ya fito. Mai kwalara ma ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa ne ke ceton ransa, kuma idan annoba ta tabbata ba sai an rena bayan gidan kowa ba. Amma shi wannan zato na likita dole ya dogara da wani abu. Idan asibiti yana rena ko da wani kaso na samfurori, a ƙarshen shekara zai iya fitar da jadawalin da ke nuna wane magani ne har yanzu yake aiki a garin, wane ne ya mutu. Wannan jadawali yana amfanar har wanda ba a taɓa gwada shi ba.

Hujja ta biyu ita ce tsada da wutar lantarki. Akwatin ɗumi yana son wuta dare da rana, farantai da takardun magani suna son firji, kuma suna da wa'adin lalacewa. Gaskiya ne. Sai dai hasken rana ya sauƙaƙa batun wuta, kamar yadda ake gani a firjin allurar rigakafi a asibitocin ƙauye. Abin da ya fi kashe irin waɗannan ɗakuna shi ne a sayi na'ura a yi bikin buɗewa, a manta da kuɗin kayan aiki na wata-wata.

Hujja ta uku ita ce nisa da rashin tsaro. Daga ƙauyukan Faskari ko Sabuwa ko Ɗandume zuwa Katsina tafiyar sa'o'i ce, balle babban ɗakin gwaji na NCDC da ke Gaduwa a Abuja. Ƙwayar sanƙarau ba ta jure jira, sanyin firji ma kashe ta yake yi. Amma akwai kwalaben da aka tanada domin ɗaukar ta da rai, akwai kuma na bayan gida da ke riƙe ƙwayar kwalara kwanaki. Shirin yaƙi da shan-inna ya shafe shekaru yana kwaso samfur daga lungunan karkara zuwa ɗakunan gwaji na Ibadan da Maiduguri, har aka ayyana Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar a watan Agustan 2020. Abin da aka tsara aka kuma ware wa kuɗi yana isa inda aka nufa.

Abin da ya kamata a nema

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta sa gyaran asibitocin matakin farko a mazaɓu 361 na jihar cikin manyan manufofinta. Wannan aiki zai fi amfani idan aka haɗa shi da cibiyoyi biyu masu ƙarfi a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi, waɗanda za su riƙa karɓar samfur daga ƙananan asibitocin kewaye a ranakun da aka tsayar, su mayar da sakamako ta waya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, tazarar da ba ta kai kilomita 100 ba, kuma zai iya zama wurin horo da duba ingancin aiki, tare da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ma'aunin nasara mai sauƙi ne: likita ya nemi a rena jini ko fitsari a kowace rana ta mako, sakamako ya dawo cikin kwanakin da aka sani, da sunan ƙwaya da jerin magungunan da ke kashe ta.

Ma'aikatan gwamnati da ake cire wa kuɗi domin shirin taimakekeniyar lafiya na jiha suna da hurumin tambaya ko gwajin reno yana cikin abin da shirin ke biya, kuma a waɗanne asibitoci. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda suka saba gina masallatai da haƙa rijiyoyin burtsatse, za su iya ɗaukar nauyin kayan aikin shekara guda na ɗakin gwaji ɗaya. Hukumar da ke kula da aikin ɗakunan gwaji ta ƙasa da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna kuma aikinsu ne su duba abin da ake yi a ɗakunan gwaji masu zaman kansu da kantunan kemis.

Shi ma magidanci yana da nasa rabon. Idan zazzaɓi ya wuce kwana uku, gwajin maleriya kuma ya nuna babu, a je asibiti kafin a sha antibayotik, a kuma faɗa wa likita gaskiyar duk abin da aka riga aka sha. Idan aka kawo takardar Widal, a tambaya ko akwai halin rena jini. Idan aka rubuta magani, a shanye shi zuwa ranar da aka ce.

A 2024 Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na biyu na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, wanda zai kai 2028, aka kuma zaɓe ta ta karɓi baƙuncin taron ministocin duniya karo na biyar kan wannan batu a 2026. Alƙaluman da irin waɗannan shirye-shirye suke dogara da su daga farantan ɗakunan gwaji suke fitowa, kuma yankin da ba a rena samfurinsa ba ya shiga lissafi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin da ke tsakanin girbi da shigowar zafi su ne lokacin da ya dace a tanadi kwalabe da farantai da ma'aikata a Funtuwa da Malumfashi, kafin a kawo yaro na farko da wuyansa ya sanƙare.